Wa Ake Yi wa Dariya? Katun ɗin Manya da Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi





Na tabbata akwai wanda ya ga takardar gayyata ya ce a ransa, yanzu har katun ya isa a tara manya a kansa? Ya isa. Wanda zan yi magana a kai ba irin wanda ake kunna wa yara don su yi shiru ba ne. A Amurka akwai shirye-shiryen zane da manya ke rubutawa domin manya, cike da zambo da habaici da ashar, ba su ƙyale shugaban ƙasa ba, ba su ƙyale attajiri ba, ba su ƙyale shugabannin addini ba. The Simpsons ya fara fita a matsayin cikakken shiri a 1989, South Park a 1997, Family Guy a 1999, kuma har gobe ana yin su. Abin da ya tara mu yau shi ne yadda waɗannan shirye-shirye ke taɓa mutanen da ciwonsu ya samo asali daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: masu farfaɗiya, masu makyarkyata, waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, tsofaffin da tunaninsu ya ruɗe, da masu wani ciwo da ake kira Turet, wanda zan daɗe a kansa.

Ban zo in ce kada ciwo ya kuskura ya shiga wasan dariya ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san majinyata su ma suna tsokanar junansu, kuma sau da yawa dariyar ce ke riƙe da su. Tambayata ita ce: idan ɗaki ya kwashe da dariya, wa ake yi wa? Kuma idan aka kashe talabijin, me mai kallo ya tashi da shi a kansa game da maƙwabcinsa mai wannan ciwon?

Akwai dalilin da ya sa mai zane ke kwaɗayin irin waɗannan cututtuka fiye da sauran. Ciwon suga da hawan jini ba sa fita a fuska. In za ka yi wasa da su sai ka yi dogon bayani. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa a motsi da murya yake bayyana. Hannu ya yi ta rawa, kai ya fizge, baki ya karkace, harshe ya sarƙe, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Shi kuma katun sana'arsa ke nan, ya ɗauki motsi ya ninka shi. Mai zane ba ya buƙatar ɗan wasan da zai ji nauyi ya ce ba zai yi ba. Layi kawai zai ja, jikin ya yi abin da aka ga dama. Shi ya sa wannan dariyar ke da arha ƙwarai: marubuci bai wahala ba, mai kallo bai yi tunani ba. Abin da ake ƙyaƙyatawa a kai kuwa shi ne ainihin abin da mai ciwon ba shi da iko da shi, abin da yake kwana yana tashi da fatan mutane su daina kallo.

To, mene ne Turet? Wani likita ne Bafaranshe, Georges Gilles de la Tourette, almajirin shahararren likitan jijiyoyi Charcot a asibitin Salpêtrière da ke Faris, ya rubuta bayanin majinyata tara a 1885, sai ciwon ya ci sunansa. Yana farawa tun mutum na yaro, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 10, kuma ya fi kama maza, ninki uku zuwa huɗu a kan mata. Alamarsa ita ce motsi ko sauti da ke fita ba da niyya ba, ana ta maimaitawa: yawan ƙifta ido, ɗaga kafaɗa, fizgar wuya, gyaran murya, jan hanci, ko wani ɗan ƙara. Masu shi suna cewa kafin abin ya fita sukan ji yana taruwa a jiki kamar atishawa. Kana iya danne ta na ɗan lokaci, amma dannewar wahala ce, kuma daga ƙarshe sai ta fito. Ba ya taɓa basira. Ga yara da yawa yakan lafa idan sun doshi shekara ashirin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 162 na da shi.

Ku riƙe wannan da kyau: waɗanda ciwon ke sa su furta ashar ko batsa ba da son ransu ba, ba su wuce kimanin mutum 1 cikin 10 na masu Turet ba. Sauran taran babu ruwansu da zagi. Amma ka tambayi duk wanda ya san ciwon ta hanyar fim, zai ce maka ai ciwon zagi ne. Masu kallon ƙwallo a cikinku za su tuna Tim Howard, golan Amurka da Manchester United ta saya a 2003, daga baya ya daɗe a Everton. Yana da Turet, ba ya ashar, amma da ya isa Ingila wasu jaridu sun yi ta buga kanun labarai na shaguɓe a kan gola mai zagi. Hoton da wasan dariya ya riga ya dasa a kan mutane ya isa can kafin shi.

Tun a 1992 aka fara samun saɓani a fili. A wani kashi na The Simpsons da aka nuna a watan Nuwamba na shekarar, malamar Bart, yaron gidan da ke cikin shirin, tana lissafa masa cututtukan ƙarya da ya taɓa fakewa da su don gudun jarrabawa, ta ambaci Turet, shi kuma ya shiga haushi da gurnani yana kwaikwayo. Masu ciwon da iyayensu suka yi ƙorafi, masu shirin suka ba da haƙuri, da aka zo maimaita kashin aka cire sunan aka musanya shi da ciwon haukan kare. Wasan bai ɗauki ko minti ɗaya ba, kuma babu abin da ke cikinsa sai kwaikwayon.

Shekara 15 bayan nan, ranar 3 ga Oktoba 2007, South Park ya ware kashi guda cur a kan wannan ciwo, mai suna Le Petit Tourette. Ga waɗanda ba su san shirin ba, labarin wasu yara ne 'yan firamare a wani ƙaramin gari a jihar Kolorado, Trey Parker da Matt Stone ne suka ƙirƙiro shi. A cikin yaran akwai Cartman, wanda aka tara masa duk wani mugun hali: son kai, ƙarya, ƙin jinin Yahudawa, rashin kunya. Wata rana a kantin kayan wasa ya ga wani yaro, Thomas, yana ta sakin ashar, uwarsa na bin mutane da ban haƙuri tana cewa ciwo ne. Cartman bai ga yaron da ke cikin wahala ba. Lasisi ya gani. Ya koma gida ya fara kwaikwayo, ya ruɗi uwarsa, ya ruɗi likita, ya dawo makaranta yana zagin malamai son ransa, kowa na tausaya masa. Abokinsa Kyle, wanda Bayahude ne, ya gane ƙarya ce ya faɗa, sai laifi ya koma kansa, aka ce ba shi da tausayin nakasassu, aka tura shi zama da ƙungiyar yara masu ciwon na gaskiya.

Wannan zaman shi ne zuciyar kashin. An jera yara a kan kujeru, wannan na ƙifta ido, wannan na fizgar kai, wani na sakin ɗan sauti, suna yi wa Kyle bayani cewa yawancinsu ba sa zagi, cewa ba su da iko a kan abin, cewa babu daɗin komai a ciki. Shirin da aka sani da rashin ta ido ya tsaya cak ya koyar da darasin da littafin likitanci zai amince da shi. Sannan marubutan suka juya kan Cartman. Da yake ya saba sakin duk abin da ya zo bakinsa, sai takunkumin ya tsinke da gaske, ya fara tona asirin kansa a gaban mutane ba da son ransa ba: ya yi fitsarin kwance, yana kuka da dare don ba shi da uba. Ga shi kuma ya riga ya shirya fita a talabijin kai tsaye. Wanda ya ɗauki rashin iko da harshe a matsayin gata, aka ɗanɗana masa shi, ya ji abin tsoro ne.

Ƙungiyar masu Turet ta Amurka ta fitar da sanarwa tun kafin a nuna kashin cewa tana sa ran cin fuska. Bayan an nuna, ta fito ta amsa cewa an yi bincike sosai fiye da yadda ta zata, kuma an isar da bayanai na gaskiya da dama. Amma ba ta janye ƙorafi ɗaya ba: an cika ba da ƙarfi ga ashar, har mai kallo zai iya tashi da tsohon tunaninsa. Ni a ganina ƙungiyar ta yi adalci a duka biyun. Wanda ake yi wa dariya a labarin shi ne maƙaryaci, da manyan da ke tsoron a kira su marasa tausayi har suka kasa gane ƙarya, da 'yan talabijin masu neman abin kallo a cikin wahalar mutane. Thomas an bar masa mutuncinsa, har da shi aka haɗa kai aka rusa shirin Cartman. Sai dai Thomas ɗin ma mai ashar ne, domin da mai ƙifta ido kawai aka ɗauko, da kashin bai samu masu kallo ba. Marubutan sun faɗi gaskiya, amma da kuɗin ƙaryar suka sayi kunnuwan jama'a.

Akwai wasu yara biyu a shirin da suka fi wannan ɗaure kai. Timmy ya shigo a 2000, yana kan keken guragu, kusan sunansa kaɗai yake iya furtawa, da ƙarfi. Jimmy ya biyo baya a 2001, yana dogara sanduna biyu, yana in'ina, kuma burinsa ya zama ɗan barkwanci. Wanda ya ga hotonsu kawai zai ce cin mutunci ya kai maƙura. Amma a 2005 wani dandalin BBC na nakasassu mai suna Ouch ya yi ƙuri'a a kan gwanin nakasasshe a talabijin, Timmy ya zo na ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nakasassu suka gani shi ne, yaran garin ba sa lallaɓa Timmy da Jimmy, ba sa gudunsu, abokai ne kawai, ana faɗa da su ana shiryawa. Timmy ya zama mawaƙin wata ƙungiyar kiɗa, manya masu ganin kansu masu tausayi suka nemi a hana shi wai ana yi masa dariya, alhali shi yana jin daɗin abinsa. Jimmy kuwa yana da kishi, yana da girman kai, a wani kashi na 2004 har allurar ƙara ƙarfi ya yi wa kansa don ya ci gasar wasannin nakasassu. An ba shi damar ya yi laifi kamar kowa, kuma wannan girmamawa ce da finafinan tausayi ba sa bayarwa, su da kullum nakasasshe waliyyi ne mai kuka. A kashin nan na 2004 Cartman ya yi shigar mai raunin ƙwaƙwalwa ya shiga gasar yana ganin cin banza ne, ya ƙare na ƙarshe.

Family Guy, na Seth MacFarlane, wata hanya ya bi, kuma a nan hukuncina ya fi tsauri. Salon shirin shi ne a yanke labari a jefo ɗan wasa na daƙiƙoƙi da ba shi da alaƙa da komai, a yi dariya a wuce. Ta wannan ƙofa aka sha jefo Michael J. Fox. Wannan ɗan fim ne da aka gano yana da ciwon makyarkyata na Parkinson a 1991 yana ɗan shekara 29, ya ɓoye har 1998, sannan a 2000 ya kafa gidauniyar da ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin binciken ciwon a duniya. Ciwo ne da ke zuwa idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka fara mutuwa, jiki ya riƙa rawa, ya sandare, motsi ya yi nauyi. Shi ne ya kama Muhammad Ali, wanda duniya ta gani a 1996 yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta hannunsa na karkarwa. Me Family Guy ya samo a cikin wannan duka? An sa Fox ya fito a matsayin jarumin nan Zorro mai zana harafi da takobi, sai aka nuna bangon, babu harafi sai jagwalgwalo. Shi ke nan. Hannunsa na rawa, ku yi dariya. Babu azzalumin da aka tona, babu munafuncin da aka fallasa. Fox da kansa yana barkwanci da ciwonsa, ya yi hakan a shirin Curb Your Enthusiasm a 2011, amma can shi ke riƙe da akalar wasan, kuma wasan a kan yadda lafiyayyu ke rikicewa ne a gaban mai ciwo.

Ko a kashin Family Guy da suka kira McStroke, na Janairun 2008, inda Peter, jarumin shirin, ya ci hambaga sama da 30 ɓarin jikinsa ya shanye, akwai manufa ta siyasa: ya shiga cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ya fito garau cikin minti biyar, habaici ga gwamnatin Bush da ta taƙaita kuɗin irin wannan bincike. Manufar ta ɗauki daƙiƙoƙi. Jan ƙafa da karkataccen baki su suka cinye sauran. Duk wanda ya taɓa riƙe uba ko uwa ana koya musu taku daga farko ya san abin da aka mai da abin wasa.

Hujjar da masu waɗannan shirye-shirye suka fi kawowa ita ce, mu kowa muke zaga, ba mu ware kowa ba, kuma ware nakasassu daga zambo shi ma wariya ce. Rabin maganar gaskiya ne, kuma labarin Timmy ya nuna haka. Haka ma abin da ya faru a 2010, lokacin da Family Guy ya fito da wata yarinya mai larurar Down, 'yar siyasar Amurka Sarah Palin ta fusata don tana da ɗa mai irin larurar, sai wadda ta yi muryar, Andrea Fay Friedman, ita ma mai larurar, ta fito ta kare wasan. Amma sauran rabin ba ya tsayuwa. Idan aka yi zambon shugaban ƙasa, gobe zai tashi da sojojinsa da kakakinsa. Idan aka kwaikwayi yaro mai fizgar wuya, gobe aji zai shiga, ya tarar yara talatin sun koyi sabon salo. Naushin ɗaya ne, jikin da ya sauka a kai ne ba ɗaya ba.

Nan kuma muka zo ga abin da ya fi damuna, wanda ko marubuci mai kyakkyawar niyya ba shi da maganinsa. Kashin South Park minti 22 ne, kuma sai ka kalle shi duka za ka ga inda aka kare Thomas. Yau ba haka ake kallo ba. Ana yanko daƙiƙa 30 a ɗora a TikTok ko YouTube ko a tura ta WhatsApp. Wace daƙiƙa 30 ake yankowa? Ba zaman yaran nan masu bayani ba. Cartman ne yana surfa wa malami ashar. Darasin ya tsaya a Amurka a cikin cikakken kashin, kwaikwayon kuwa ya tsallako teku ya shigo wayar ɗanka, wanda watakila ko Turancin ba ya ji sosai, amma motsin jikin ba ya buƙatar tafinta.

Kada a ce zane ba abin da ya iya sai cin fuska. A 2017 shirin BoJack Horseman na Netflix, wanda shi ma na zambo ne, ya fitar da kashi mai suna Time's Arrow a kan Beatrice, mahaifiyar jarumin, wadda ruɗewar tsufa ta kama. Maimakon a tsaya a waje ana kallon tsohuwa tana shirme, sai aka shigar da mai kallo cikin kanta. Mutanen da ke bayan fage ba su da fuska, fili ne fari. Haruffan da ke jikin alluna suna sauya wuri. Fuskar wata mata da tunawa da ita ke yi mata zafi an cakuɗe ta da baƙin alƙalami. Shekaru suna zubowa cikin juna, tana yarinya yanzu, sai ga ta amarya, sai ga ta a keken asibiti. Duk tsawon zangon tana kiran ɗanta da sunan wata, ana ganin shirme ne, sai a nan aka gane daga ina sunan ya fito. Beatrice ba mutuniyar kirki ba ce, ta gallaza wa ɗanta, kuma shirin bai wanke ta ba. Amma wanda ya kalli kashin ba zai ƙara jin kakarsa ta kira shi da sunan mamaci ya ɗauka surutu ne kawai ba. Kayan aikin da aka yi wa Fox jagwalgwalo da shi, alƙalami da layi, shi ne dai aka yi wannan da shi.

Na bar farfaɗiya a ƙarshe don ita ce ta fi kusa da mu. Ranar 16 ga Disamba 1997 aka nuna wani kashi na katun ɗin yara Pokémon a Japan, a ciki akwai walƙiyar ja da shuɗi da ke sauyawa da sauri ƙwarai. A daren nan motocin asibiti suka kwashi yara 685, wasu da jijjiga, wasu da jiri da amai. Aka dakatar da shirin wata huɗu, aka kafa ƙa'idar cewa walƙiya kada ta wuce sau uku a daƙiƙa. Ba a yi shekara biyu ba The Simpsons ya kai iyalin gidan su Bart Tokyo, suka kunna talabijin, duka suka zube ƙasa suna shure-shure. South Park ma ya yi nasa a 1999. Daga nan jijjiga a ƙasa ta zama wasa tsayayye a katun, har mutane da yawa suka ɗauka haske ne ke kawo farfaɗiya, alhali waɗanda haske ke tayar wa ba su wuce kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na masu ita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suke, irin namu. Ta ce har kashi 70 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samu. Mu a nan ba katun ɗin Amurka ne ya koya mana gudun mai farfaɗiya ba, muna da namu. Kowa a ɗakin nan ya taɓa jin an ce kada ka taka yawunsa za ka ɗauka. Ba a ɗauka, ko kaɗan. Wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci. Amma saboda wannan magana an cire yara daga makaranta, an fasa aure, an ware wa mutum kwanonsa. Idan kuma muka duba wasanninmu na barkwanci, a fim ko a waya, mai in'ina da kurma da mai taɓin hankali suna nan birjik, kuma sau nawa aka ba su wani hali ban da larurar?

Malamai a nan sun fi ni sanin hanin da ya zo a Suratul Hujurat game da izgili. Akwai kuma hadisin nan na Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da ta je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana faɗuwa kuma jikinta na buɗewa. Da aka ba ta zaɓi, ta ɗauki haƙuri da ciwon a kan alkawarin Aljanna, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa buɗewa, aka kuwa yi mata. Ciwon ta yarda za ta iya ɗauka. Idon mutane a kanta lokacin da ba ta da iko da jikinta ne ba ta iya ɗauka ba. Yau in mutum ya faɗi a kasuwa, kafin a samu mai tallafar kansa an samu masu ɗaga waya.

Saboda haka ga roƙona ga matasanmu masu zane da masu shirya barkwanci, na san akwai ku a nan. Kada ku guji waɗannan cututtuka, gudun ma ɓoye mutane ne. Amma kafin ku rubuta, ku je ku zauna da masu su, ku tambaye su abin da ke ba su dariya da abin da ke sa su kasa fita. Za ku tarar abin zambon yana tsaye a kewaye da su. Ku ɗauki tashar mota, mutum ya faɗi. Ga mai neman cokali ya cusa masa a baki, abin da ke karya haƙori ba ya hana komai. Ga ƙato ya danne masa ƙafafu. Ga mai sheƙa masa ruwa. Ga alhaji ya tattare babbar riga yana tsallen gudun yawu. Ga mai ɗaukar bidiyo yana neman inda haske ya fi kyau. Sai wata yarinya 'yar talla ta ajiye farantinta, ta kawar da abin da zai ji masa rauni, ta naɗe gyale ta sa masa ƙarƙashin kai, ta sassauta masa wuyan riga, ta hana a sa masa komai a baki, jijjigar na lafawa ta juya shi ya kwanta ta gefe, tana duba lokaci, domin in abin ya wuce minti biyar sai asibiti. Da ya farfaɗo, ku ba shi suna da sana'a da bakin magana, ku bar shi ya faɗa wa taron abin da yake gani game da su. Kuna iya yanko daƙiƙa 30 daga ko'ina a cikin wannan wasan ku tura, ba zai cuci kowa ba.

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi, musamman daga ma'aikatan lafiya da iyayen da ke riƙe da irin waɗannan yara.